Fistin birkin baya na Accord yana juyawa amma ya ƙi shiga

Assalamu alaikum, iyayen gidanmu kanikawa na Agege da Mushin, a taimaka da shawara.

Motar Honda Accord ce ta 2004, mai birkin faifai a baya, ana canza mata takalman birki a gida. Fistin bayanta, wato ƙarfen da ke tura takalmin birki jikin faifai, ba a matse shi kamar na gaba, murɗa shi ake yi zuwa dama ana dannawa, saboda birkin hannu ta cikinsa yake aiki. Na gefen dama ya shige lafiya, tsagarsa ta hau kan ɗan ƙullutun da ke bayan takalmin.

Na hagu ne ya cije. Yana juyawa da ƙyar, amma ko kaɗan ba ya nutsewa, har sabon takalmin ya kasa samun wuri. An sauke birkin hannu, an buɗe murfin man birki. Robar da ke kare fistin ta yage, gefensa duk tsatsa, ina zargin ruwan damina da motar ke kutsawa. Tsohon takalmin ciki ya cinye har ƙarfe, na waje kuwa da sauransa. Ɗan hannun da wayar birkin hannu ke ja shi ma ba ya komawa mazauninsa sai an tura.

Shin in sassauta notin fitar da iska in sake murɗawa, ko wayar zan fara cirewa? In kuma tsatsar ta ci fistin, sabbin robobi za su riƙe mai, ko gara in nemo kalifa, wato gidan da fistin yake ciki, ɗungurungum a kasuwar kayan mota ta Ladipo? Ba na son yin kasada da birki, yara ake kaiwa makaranta da motar.