Ina neman sunan "emoji" da Hausa kafin ranar Asabar

Malamar ajin manya, Agege: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da mata darasin yadda ake nuna murna da mamaki a rubuce. Na tanadi kalmomi irin su madalla, tabɗijam da tirƙashi, da jan wasali kamar yadda wata ɗalibata ta rubuto min "ayyiririii" ranar da ƙanwarta ta haihu, ta jera fuskoki uku masu hawayen dariya a bayansa. Waɗannan fuskokin ne na rasa sunan da zan sa musu a allo.

Mai fassara, Obalende: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki ce alamar motsin rai.

Malamin Hausa, Idi-Araba: A'a, wannan sunan yana da mai shi, domin da shi muke kiran sandar nan mai ɗigo da ke biyo bayan "kai" ko "kash", kuma idan kika haɗa abu biyu a suna ɗaya cikin darasi ɗaya, ɗalibanki za su rikice. Kalmar emoji ta Japananci ce, "e" hoto, "moji" harafi, kuma wani ɗan Japan mai suna Shigetaka Kurita ya zana guda 176 a 1999. Saboda haka na daɗe ina cewa "hoton harafi" ya fi dacewa, kuma shi nake koya wa yarana.

Mai fassara, Obalende: Malam, wanda ya ji hoton harafi zai ɗauka hoton baƙin "ba" ko "ta" ake nufi. Matan da na sani a kasuwar Mile 12 cewa suke yi "turo min 'yar fuskar nan", wasu kuma imoji kawai.

Malamin Hausa, Idi-Araba: Zuciya da tafi da hannuwan addu'a ai ba fuskoki ba ne. Imoji kuwa ba zan amince da shi ba. Abin da ke damuna shi ne mu mazauna Legas mun saba da haɗiye duk kalmar da ta zo mana, har 'ya'yanmu su je Kano a ce Hausarsu ta gurɓata. Magabata da suka ga abin da ke tashi ba su ari sunansa ba, jirgin sama suka ce.

Dattijo, Alaba Rago: Ɗana, magabatan nan su ne kuma suka ce mota da tebur, suka karɓi ashana da agogo da akawu daga bakin Yarbawan da muke zaune da su, har Kano ɗin ma da su take magana yau. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma kwamfuta ce a bakin mutane. Ba na son a riƙa raina Hausar da aka haife mu a cikinta a Agege.

Malamin Hausa, Idi-Araba: Allah ya huci zuciyarka, Baba, ban raina kowa ba. Kishin harshen ne ya sa ni magana.

Malamar ajin manya, Agege: Na gode muku duka. Zan rubuta imoji a allo tunda shi ɗalibaina suka riga suka sani, in bayyana shi da hoton da ke nuna abin da ke zuci, masu dariya da masu buɗe baki don mamaki kuma in kira su 'yan fuskoki.

Malamin Hausa, Idi-Araba: Bayanin ya yi, Malama, amma sunan bai kwanta min ba. Ina roƙon ki ambata musu hoton harafi ko sau ɗaya ne, ki dawo ki faɗa mana wanda ya zauna a bakinsu.