Gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Amurka: abin da masu gidaje suka ba da shawara

Mun zauna da 'yan'uwa masu gidaje a Texas, inda zafin Yuli ba ya wasa, muka tattauna kan garantin gida, wato yarjejeniyar da ake biyan kamfani kuɗi duk shekara don ya ɗauki nauyin gyaran na'urorin gida idan sun lalace.

Baki ya zo ɗaya cewa idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, kafin a tsorata, a duba kafasita, wato ƙaramin abin da ke tara wuta don tayar da injin na'urar. Ita ce ta fi yawan mutuwa, kuma sauya ta bai kai ko kusa da kuɗin kwamfureso (injin da ke matsa gas ɗin sanyi) ba, wanda kan haura dala 1,000. Inda aka fi daɗewa ana magana shi ne garantin kansa. Duk zuwan makaniki sai ka biya kuɗin kira, galibi dala 75 zuwa 125, kuma kamfani ke zaɓo maka shi. Yawanci sai bayan kwana 30 da sa hannu garantin yake fara aiki. Kamfanonin suna ƙin biya idan suka ce ba a kula da na'urar ba, shi ya sa wani dattijo ya nace a adana rasit ɗin kowane sabis. Gaskiyarsa ce.

Mai tsohuwar na'ura da ke aiki da gas ɗin sanyi na R-22 kuwa ya karanta sharaɗin gas na garantin da kyau, domin tun 2020 aka haramta ƙera shi da shigo da shi Amurka, tsadarsa ta tashi.