Ina zan ɗan zaga da keke a bayan gari yanzu da kaka ta yi?

Ɗan Yelwa:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah 'yan Bauchi masu hawa keke shawara nake nema. Watan jiya na sayi wani keke na hannu mai giya saboda tumbi ya fara fin ƙarfina, to cikin gari wlh ba daɗi, masu Napep su matse ka masu mashin su yanko maka ga hayaƙi. So nake ranar Asabar bayan asuba in ɗan fita hanyar gona, ba nisa ba, kamar awa ɗaya da rabi zuwa da dawowa, tunda ruwa ya ɗauke taɓo ya bushe kuma hazo bai sauko ba tukuna. Satin da ya wuce na gwada ni kaɗai ko kilomita 3 ban yi ba tayar baya ta sace, haka na dawo ina turawa yara suna min "Alhaji ba mai ne?" Wace hanya ta fi, kuma me zan riƙe?

Mai Rali:
Wa alaikumus salam. Tunda kana Yelwa ai ba sai ka ratsa gari ba, bi hanyar Dass ka wuce Gwallameji, in ka doshi Bayara za ka ga hanyoyin gona suna ta ballewa daga kwalta, ɗauki wadda ka ga sawun amalanke da mashin ya daddale ta. Yanzu ne ma lokacin, dawa ta sunkuyar da kai ta fi ka tsawo kana tafe kamar cikin lungu, an cire gyaɗa an kife ta tana shan rana, ga duwatsu can gaba suna fitowa tar kafin hazo ya rufe su. Wajen dam ɗin Gubi ma akwai kyau amma daga Yelwa sai ka ƙetare gari duka, kafin ka isa ka gaji. Ka fito shida ka juyo kafin takwas, don ranar kaka ba ta da mutunci.

Bakanike:
Tsidau ne ya ci tayarka malam, ba wani abu ba. Da kaka yake bushewa ya zube, kuma ƙayarsa duk yadda ta faɗi sai tsini ɗaya ya kalli sama. Kuskuren 'yan birni shi ne gudun rairayin tsakiya su hau gefen hanya wajen ciyawa, to nan ne gidansa. Tsaya a kan sawun da aka tattake. Ka riƙe famfo, sholisho, guntun tsohon tib da ɗan sanfefa, duk a leda ɗaya za su shiga. Sannan abin da mutane ke mantawa, in ka yi faci ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali kafin ka mayar da tib, don tsinin yana nan a maƙale, in ba haka ba ka buga iska ka hau ya sake hudawa a gefen facin, na ga wanda ya yi faci uku a zaune ɗaya yana zagin mai sholisho alhali ƙaya ɗaya ce. In ka zo rairayin rafi sauko da giya kafin ka shiga, ba bayan ka kafe ba, ko kawai ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

Baba Manomi:
Ikon Allah. Mu da muke ɗaura buhun masara a kariya mu taka har kasuwa ba mu san motsa jiki muke yi ba ashe 😂 To yaro ka zo, amma in ka tarar da shanya a hanya ka kauce, kar ka bi ta kan shinkafar mutane. In ka ga ana aiki ka ce sannunku da aiki, ba ka wuce fuu da baƙin gilashi kana ɗaukar hoton matan mutane ba. Kuma kar ka zauna hutawa jikin tarin kara ko dami, kububuwa tana son wurin, lokacin girbi ne asibitin Kaltungo ke cika da masu saran maciji. Sa takalmi sau-ciki.

Maman Ilham:
Ni dai kar ka tafi kai kaɗai, kuma ka gaya wa mutanen gida hanyar da ka bi.

Ɗan Yelwa:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Jiya mun je ni da ƙanina ta wajen Bayara, faci ko ɗaya ban yi ba, sai dai ƙarangiya da ta cika min ƙafar wando har yanzu madam tana tsinta tana mita. Baba ka yi gaskiya kan gaisuwa, wani dattijo da muka yi wa sannu da aiki ya cika min hula da ɗanyar gyaɗa, na fito da kuɗi ya ce in mayar. Rafin ne dai ya kayar da ni, na manta maganar giya sai da na lume. Bakanike, sarƙar tana wani ƙiii tun da muka dawo, baƙin mai zan sa mata ko wanke ta zan fara yi da kananzir?