Shirin OpenMP ya ƙi ƙara sauri bayan zare 16

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa.

Ina auna saurin wani shirin C na ninka matiris da bekta, da OpenMP (tsarin raba aiki tsakanin zare da yawa, wato layukan aiki masu gudana lokaci guda) a kan Linux. Injin yana da firosesa biyu, kowace da cibiya 16, ma'adanar wucin gadi (RAM) kuma a rabe take gida biyu bisa tsarin NUMA, wato kowace firosesa da gidanta da ta fi saurin kaiwa gare shi. Daga zare 1 zuwa 16 lokaci yana raguwa. Da an kai 32 sai ya tsaya cak, wani sa'in ma ya ƙaru.

Na zargi ƙa'idar taɓawar farko, tunda Linux yana ajiye shafi (ɗan yankin ma'adana) a gidan zaren da ya fara rubutu a kansa. Don haka na mayar da cika jerin lambobin matiris ɗin cikin parallel for da schedule(static) don kowane zare ya fara taɓa nasa kason, na sa OMP_PLACES=cores da OMP_PROC_BIND=close don kowane zare ya tsaya a cibiyarsa. Duk da haka numastat, umarnin da ke nuna rabon ma'adana a gidajen, yana nuna kusan dukkan shafukan a gida na 0. Da numactl --interleave=all, mai rarraba shafuka bi da bi a gidajen biyu, an samu ɗan sauƙi, amma wannan rufe matsala ne kawai.

Shin malloc, mai ware wuri a ma'adana, ne yake maido mini wurin da babban zare ya riga ya taɓa? Ko manyan shafuka masu megabait 2 ne sanadi? Yaya zan bambance su? Don Allah a taimaka.