Sokawe a jikin bohol: wa zai hana?

Garba Mai Kura: Salamu alaikum jama'a, wallahi yau raina a ɓace yake. Boholin da muke ɗiban ruwa a layinmu a nan Legas, mai gidan da ke jikinsa ya zo ya haƙa sokawe ko taku goma babu tsakani, yanzu ruwan har ya fara wari, jiya jarka 10 na kai wa wata mata ta ce in kwashe abina. Ni na san ƙaramar hukuma na da ikon cewa nan wajen ruwan sha ne kar a haƙa komai kusa, amma da yake mu baƙi ne babu mai saurarenmu.

Malam Idi Ticha: Wa'alaikumussalam, Allah ya mayar da alheri Garba. Amma ikon nan ba a hannun ciyaman yake ba fa. Dokar filaye ta 1978 gwamna ta damƙa wa ƙasar birni, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari aikin jiha ne, shi ya sa famit ɗin gini hukumar tsara gari ta jiha LASPPPA ke bayarwa, hukumar sa ido kan gine-gine LASBCA kuma ta rushe. Abin da kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma su shara ne da bahaya da kasuwa da mayanka, to ta wannan ƙofar duba-gari zai iya shiga maganar. Ma'aikatan lafiya mita 30 suke so tsakanin rijiya da masai.

Ɗan Agege: Dakata Malam. Garba su waye baƙin? Kai dai ka yi maganar kanka. Kakana a nan ya yi fataucin goro tun zamanin da jirgin ƙasa ke sauke kaya a Agege, a nan aka binne shi, a nan aka yanke min cibiya, muna da Sarkin Hausawa muna da katin zaɓe, sai wani da ya zo cirani bara ya ce mana baƙi.

Garba Mai Kura: Shekarata 9 a Legas yallaɓai, ba bara ba

Maman Husna: To Ɗan Agege in kai ɗan gari ne filinka nawa? Ran da aka zo tashin kasuwar Alaba Rago an tambayi wanda aka haifa a nan?

Ɗan Agege: Hajiya da girmanki, kasuwa daban gida daban

Bala Mile 12: Baƙo baƙo ne ko ya shekara ɗari, mu daina yaudarar kanmu

Malam Idi Ticha: Jama'a maganar ruwa ake. Ku tuna kwalarar watan Yuni 2024, ku tambayi mutanen Baruwa ta Ipaja da man bututu ya shiga rijiyoyinsu. Da ruwan famfon gwamnati na Iju da Adiyan na isowa gidajenmu wa zai dogara da bohol?

Maman Husna: Ai su Garba ba za su so famfo ya zo ba, kullum sai an ƙara mana kuɗin jarka

Garba Mai Kura: Haba Hajiya, mai bohol ne ke ƙara mana in ya tada janareta, ki zo ki tura kurar nan sau ɗaya a kan kwalbati ki ji

Bala Mile 12: Wace ƙaramar hukumar ma, 20 ɗin ko 37 da Tinubu ya ƙirƙiro Obasanjo ya riƙe musu kuɗi?

Ɗan Agege: Ka fara ko? Ai dama mun san jam'iyyarka

Bala Mile 12: Ni ma na san mai ba ku shinkafar zaɓe

Alhaji Admin: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka tsayar shi ne Bahaushen Legas ba baƙo ba ne, mu da aka haifa a nan mun kawo hujja, ɗaya ɓangaren kuma banda zafin rai ban ga abin da suka kawo ba. Bala in ka sake kawo siyasa zan cire ka. Garba kai kuma ka janye kalmar nan, maganar sokawe ka samu Malam Idi ta waya.