"Original" ko cikakken sunan kamfani: me za a rubuta a rasit?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shawara, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Mu daina rubuta "Windows original" da "Office na har abada" a rasit. Microsoft ba shi da kaya mai wannan suna. Abin da ka zuba wa mutum a kwamfutarsa yana da cikakken suna, to ka rubuta masa shi: Windows 11 Pro ne ko Home, wanda ya zo da na'ura ne ko wanda aka saya daban, Office Home & Business 2024 ne ko Microsoft 365. Yawancin rigimar da ke tsakaninmu da masu saye daga nan take tasowa.

Oga Beirut: Wa alaikumus salam. Injiniya ka fara ke nan. Mai saye zai shigo ya ce "a sa min windo mai kyau wanda ba ya nuna rubutu a gefe." Iyakar abin da ya sani ke nan. In na ce masa OEM ko LTSC sai ya zaci dabarar ƙara masa kuɗi ce. Kasuwa ita ke raɗa wa kaya suna. Wa ka taɓa ji ya tsayar da Bajaj ko TVS a titin Kano? A Daidaita Sahu kowa ke cewa, kuma yana kai shi inda za shi.

Injiniya: A baki, haka ne. Amma ranar da za ka sayi keken, sunan kamfani da lambar inji ne a takardar da za a ba ka. Ni maganar rasit nake yi, ba hirar bakin shago ba.

Yaron Shago: Yallaɓai ku yi haƙuri da tambayata. In duk sun kunnu, sun nuna an kunna su, mene ne bambancin?

Injiniya: Madalla da ka tambaya ƙanena, don nan ne gizo ke saƙa. Kunnuwa daban, izinin amfani daban. Windows 11 Pro iri ɗaya ne a fuska, amma lasisinsa ta hanya uku yake zuwa. Akwai OEM, wanda HP ko Dell ko Lenovo suka saya suka haɗa da na'urar. Wannan da na'urar yake rayuwa, da ita yake mutuwa, ba a cire shi a kai wata. Tun daga Windows 8 a 2012 ma aka daina manna lambar kunna windon a ƙarƙashin laftof, cikin bod ɗin, wato babban allon cikin na'urar, ake dasa ta, shi ya sa in ka sake zuba windo a tokunbo sai ka ga ya kunna kansa da zarar ya ga intanet. Akwai Retail, wanda mutum ya saya da kansa, in ya sauya kwamfuta yana da ikon cire shi daga tsohuwar ya kai sabuwar. Sai Volume, na kamfanoni da ma'aikatu da makarantu masu saye da yawa. Shi ma kashi biyu ne: MAK, lamba ɗaya da aka ƙayyade mata adadin kunnawa, da KMS, inda kwamfuta ke karɓar izini daga sabar ma'aikatar, wato babbar kwamfutarta, na kwana 180, in ba ta sake ganin sabar ba kafin wa'adin ya cika sai rubutun nan na gefe mai neman a kunna windo ya dawo. Duk ukun nan mu "original" muke ce musu. Har wanda aka kunna da sabar bogi da ke kwaikwayon KMS, shi ma "original".

Oga Beirut: To wa ya ce maka ni bogi nake sayarwa?

Injiniya: Ban ce ba Oga, wallahi ban ce ba. Cewa na yi sunan ba ya raba naka da na mai bogi. Kai da ka sayo mai tsada da wanda ya sauke manhajar sata a intanet, kalma ɗaya kuke rubutawa. Kai ke da asara a ciki.

Malamin Makaranta: Ni ina bayan Injiniya, amma bari in kare Oga ta wani gefe. Shi kansa kamfanin bai taimaka ba. A watan Afrilun 2020 suka sauya sunaye: Office 365 Home ya koma Microsoft 365 Family. Wanda ake kira Office 365 Business Premium ya koma Microsoft 365 Business Standard, sannan suka ɗauki sunan Business Premium ɗin suka ba wani kaya daban mai tsada, wanda a da ake kira Microsoft 365 Business. Wato suna ɗaya, kaya biyu, ya danganta da shekarar da ka ji shi. LTSB, wato windon kamfanoni mai dogon wa'adin tallafi, ya zama LTSC. Ultimate da Home Premium na zamanin Windows 7 sun ɓace, Professional ya gajarce ya koma Pro. In mai kaya yana sauya wa kayansa suna haka, ba laifin ɗan kasuwa ba ne in ya riƙe wanda jama'a suka saba.

Oga Beirut: Allah ya saka da alheri Malam. Har gobe mutane na zuwa suna neman "Ultimate". In ce musu babu, su tafi shagon gaba a ce musu akwai?

Injiniya: Ka ce musu Pro shi ne makwafinsa, ka rubuta Pro. Sauya suna da kamfani ke yi abin haushi ne, na yarda, amma kowane suna da suka sa akwai takardar sharuɗɗa a bayansa da mutum zai je ya karanta. "Na har abada" wace takarda ce a bayansa?

Hajiya Mai Buga Takardu: Sallama gare ku. Ina ta karantawa, abin nan ni ya shafa. Bara wani ya sa min Office a kwamfutocin shagona, ya rubuta min "Office 365 lifetime". Ya ba ni adireshin imel da kalmar sirri, adireshin ba nawa ba ne, ƙarshensa onmicrosoft.com. Yana aiki lafiya, kwatsam ana tsakiyar buga wa ɗalibai furojet sai ya daina karɓar rubutu, sai dai a buɗe a karanta. Na kira shi ya ce daga kamfani ne, in ƙara kuɗi ya ba ni wani. Ni dai tambayata ɗaya ce: akwai 365 na har abada ko babu?

Injiniya: Babu, Hajiya. Duk abin da ke ɗauke da 365 haya ce, ta wata ko ta shekara. Abin da aka ba ku kujera ce a cikin asusun wata makaranta ko wani kamfani, ko wanda aka buɗe da sunansu. Mai riƙe da babban asusun shi ke da iko, ran da ya ga dama ya rufe, ko Microsoft ya gano ya rufe gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna ma shi ne, duk takardar da kuka ajiye a OneDrive, wato ma'ajiyar intanet ta wannan asusun, mai kula da shi yana iya kaiwa gare ta. In akwai takardun mutane a ciki ku kwashe su yau.

Hajiya Mai Buga Takardu: Innalillahi. To wanne ne ake saya sau ɗaya a huta?

Injiniya: Mai shekara a jikin sunansa. Wanda ya fito a Oktoban 2024 iri biyu ne ga ɗaiɗaikun mutane: Office Home 2024 da Office Home & Business 2024. Na farkon sharaɗinsa amfanin gida ne kawai, ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, saboda haka ku na biyun ne naku, shi ne kuma mai Outlook, manhajar imel. Kwamfuta ɗaya kowane lasisi. Shi ma ba har abada ba ne ta fuskar gyara, yana da ranar da za a daina aiko masa da sabuntawa, kamar yadda aka daina wa Office 2016 da 2019 ranar 14 ga Oktoba 2025. Kuma in kuna aiki da Publisher ku sani babu shi a na 2024.

Oga Beirut: Hajiya Allah ya mayar da alheri, amma wannan macuci aka haɗu da shi, ba laifin suna ba ne. Ko da cikakken suna ya rubuta zai iya yin ƙarya.

Malamin Makaranta: Zai iya, amma da ya rubuta "Office Home & Business 2024" sannan aka buɗe Word aka shiga File, aka duba Account aka ga wani abu daban, ƙaryarsa ta fito fili, ko gaban shugaban kasuwa aka je ba shi da ta cewa. Yanzu kuwa zai ce ai "lifetime" yana nufin muddin asusun na raye.

Oga Beirut: To Office Professional Plus fa? Kowa shi yake sa wa mutane. Ni daga wajen dillalan Turai nake samun lambobin, kuma a can doka ta halatta sayar da lasisin da aka yi amfani da shi. Sunan kamfani ne cikakke, sai ka ce shi ma haramun ne.

Injiniya: Hukuncin da kake nufi na kotun Tarayyar Turai ne a 2012, shari'ar UsedSoft da Oracle. Kotun ta ce wanda ya sayi lasisi na dindindin yana iya sayar da shi, da sharaɗin ya daina amfani da nasa kwafin. Hukuncin na ƙasashen tarayyar ne, kuma bai shafi na haya irin 365 ba. Shi Professional Plus an yi shi ne don masu saye da yawa, ba a jera shi a kanti don mutum ɗaya. Lamba ita kaɗai ba lasisi ba ce Oga. In dillalinka ya ba ka takardar da ta nuna daga wane kamfani lasisin ya fito da shaidar sun sauke shi, wannan magana ce. In lamba kawai ya turo maka a kan 'yan dubbai, mai yiwuwa MAK ce ta wata ma'aikata da ake ta rabawa har adadinta ya cika. Araha ba ta ado.

Oga Beirut: Ni dai ba a taɓa dawo min da ita ba.

Injiniya: Sai ran da mai ita ya sake zuba windo ya nemi kunnawa ta biyu.

Ɗan Maraɗi: Barkanku da muhawara. Mu nan wani ƙaramin abu ne ke ba mu wahala. Laftof zai zo daga Kano an ce "Windows 10 Home original", mu buɗe mu tarar Home Single Language ne da Turanci, mai saye kuma Faransanci yake so. Wannan ba a sauya masa harshen fuska daga cikin saiti, sai an goge an sake zubawa. Kalma biyu ce aka bari a rasit, mu kuma mu kwana muna aiki.

Yaron Shago: Mu ma mun samu wata daga Turai an rubuta Pro N, kyamara ta ƙi aiki a wasu manhajoji, har mun fara kwance ta.

Malamin Makaranta: Wannan N ɗin tarihi gare shi. A 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497, ta kuma tilasta masa fitar da Windows marar Media Player a ciki. Daga nan aka samu masu N, har zuwa Windows 11. Kwamfutarku ba lalacewa ta yi ba, Media Feature Pack, mai mayar da abin da aka cire, za ku saukar mata, kyauta ne. Sannan lambar Pro ba ta kunna Pro N, kowanne da tasa.

Oga Beirut: Kun gani ko? Harafi ɗaya ya sa yara za su kwance na'ura. Wannan ruɗanin kuke so in ɗora wa ɗan ƙauye da ya zo sayen kwamfutar ɗansa.

Injiniya: Ai rashin rubuta harafin ne ya sa. Ga wani misalin da ke gabanmu yanzu. Tun da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kowa ya koma cewa "a sa LTSC, shi yana nan har 2032". Biyu ne fa. Windows 10 Enterprise LTSC 2021 a Janairun 2027 zai ƙare. Mai kaiwa Janairun 2032 shi ne IoT Enterprise LTSC 2021, wanda aka yi don na'urori masu aiki ɗaya, irin na'urar cirar kuɗi da ta kanti da ta asibiti. Shekara biyar ke tsakaninsu, mu kuma duka "LTSC" muke ce musu. Kuma babu ɗayansu da ake sayar wa mutum ɗaya a kanti kamar Home ko Pro. Ban ma shiga maganar "Lite" da "Super Lite" da "Black Edition" ba, waɗanda wasu ne kawai suka datse windo suka sa masa suna, ba ka san me suka cire ba, ba ka san me suka dasa ba.

Oga Beirut: Lite ɗin nan shi ke raya tsofaffin kwamfutoci masu ram 2 da 4. In ba shi ba sai dai a zubar.

Injiniya: Sa shi in mai ita ya yarda, amma ka gaya masa ba daga kamfani ya fito haka ba, kada ya buɗe asusun bankinsa a kai yana ganin yana cikin aminci.

Hajiya Mai Buga Takardu: Ɗana, ta yaya zan gane irin windon da ke kan nawa? Kada shi ma ya zama irin wancan.

Injiniya: Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta slmgr /dli ku danna Enter. Ƙaramin akwati zai fito. In kun ga OEM ko RETAIL, da sauƙi. In kun ga VOLUME_KMSCLIENT alhali shagonku ba ya ƙarƙashin wata ma'aikata mai sabar kanta, to ba ta hanyar da ta dace aka kunna shi ba.

Shugaban Rukuni: To jama'a, maganar ta yi tsawo. Ni abin da na gani, ba wanda zai hana Oga faɗin "original" da bakinsa, ba kuma wanda zai tilasta wa mai saye haddace OEM da MAK. Amma rasit na ƙungiya da za mu buga a ƙara layi biyu: sunan kayan kamar yadda kwamfutar ta nuna shi, da hanyar lasisin. Wanda bai san hanyar ba ya rubuta bai sani ba.

Oga Beirut: Ranka ya daɗe, wa zai sayi kayan da aka rubuta "ban sani ba" a kai? Na yarda da layin farko. Na biyun a kawo shi taron Asabar a yi ƙuri'a, kuma a gayyato masu shagunan Farm Centre, don in mu kaɗai muka ɗaure kanmu su za su kwashe cinikin.

Injiniya: A gayyato su. Zan zo da laftof uku, OEM da Retail da KMS, duk suna nuna an kunna, Oga ya nuna min wanne ne "original".

Oga Beirut: Ka zo da su. Ka haɗo da kuɗin Retail ɗin a rubuce, a karanta wa jama'a su ji.