Shirin GMAT ga mai zuwa aiki kullum

A wata tattaunawa da wasu ma'aikata suka yi a Kano kan GMAT, jarrabawar da makarantun kasuwanci da yawa ke nema kafin su ɗauki mutum karatun MBA (digiri na biyu a harkar kasuwanci), lokaci aka fi nanatawa. Kusan kowa ya zaɓi bayan sallar asuba: gari shiru, kai a sake. Wanda ya sha cunkoson Ƙofar Nassarawa da yamma ya isa gida a gajiye, karatunsa na dare gyangyaɗi ne kawai. Awa ɗaya kullum, in ji su, ta fi awa bakwai ranar Lahadi.

Jarrabawar sashe uku ce, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, Turanci 23, nazarin bayanai 20. Maki daga 205 zuwa 805. A sashen lissafi babu kalkuleta, don haka 'yan banki, da hannu ya saba da na'ura, sai su koma wa takarda da biro.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a fara da jarrabawar gwaji ta kyauta a mba.com kafin a sayi littafi ko ɗaya, sannan a ware littafin rubuta kurakurai, a riƙa bitarsa duk mako.

An yi saɓani kan rubutawa daga gida ta intanet. Masu ƙi sun kawo matsalar wuta da katsewar sabis. Sakamakon yana aiki shekara 5, saboda haka a zaɓi lokacin da aikin ofis ya lafa, a kauce wa ƙarshen shekara da watan azumi.